Radiyo ta nuna ƙashi lafiya lau, amma gwiwar ƙanena tana zille masa

Tela daga Tawa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar wanda ya san sha'anin gaɓoɓi.

Ƙanena ne, shekararsa 19, ɗan kokowa. Bayan yankan gero aka yi wasa a wani ƙauye ta hanyar Keita, ya kama da wani yaro da ya fi shi nauyi. Ƙafarsa ta dama ta kafe cikin rairayi, wancan ya murɗa shi ta hagu, jiki ya juya ƙafa ba ta juya ba. Ya ce ya ji "ɓas" cikin gwiwar, har abokin kamawar ma ya ji. Kafin a iso da shi gida bisa babur gwiwar ta kumbura tim, wandon ma sai da na farke ɗinkinsa sannan ya fita.

Da safe muka kai shi wurin mai ɗorin unguwarmu, dattijon da ya taɓa ɗora hannun mahaifinmu. Ya lalluba, ya ce ba karaya ba ce, targaɗe ne. Ya shafa man shanu ya ɗaure, kuma shi da kansa ya ce mu je a yi radiyo, wato hoton ƙashi, hankalinmu ya kwanta. Aka yi, lokotoro ya ɗaga hoton ya duba ya ce ƙashi lafiya lau, aka rubuta magani aka ce ya huta.

To yanzu kumburin ya saɓe, yana tafiya kusan ba ɗingishi. Amma da ya juya da sauri, ko zai sauko daga dokin ƙofa, ko ya ɗauko bido na ruwa, sai gwiwar ta zille masa ya tafi ƙasa. Bayan nan ta sake kumbura kwana biyu. Na sa tef ɗina na awo na gwada cinyoyin biyu, ta dama ta gaza ta hagu da santimita 3.

Inna ta ce mataccen jini ne ya kwanta, a kira wanzami ya yi ƙaho. Abokansa kuma suna kawo masa ƙwayoyi, wai in ya sha zai iya komawa fili, ga shi ransa duk yana kan zaɓen ƴan kokowar jiha kafin gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa. Ni abin da ya ɗaure mini kai, in ƙashi bai karye ba, mene ne ya lalace a ciki? Kuma ya kai a ce mun kwashi hanya har Yamai, ko mu ƙara ba shi lokaci?

Mai kine a Yamai:

Wa alaikumus salam, Malam Tela. Allah ya ba shi lafiya. Aikina ke nan kullum, gyaran motsin gaɓar da ta ji rauni, kuma labarinka irin wanda nake ji ne daga bakin ƴan ƙwallo da ƴan kokowa. Hukunci sai an taɓa gwiwar da hannu, amma bari in gaya maka abin da ke cikinta, za ka ga inda maganarka ta dosa.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwa: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba. Bakin kowannensu a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, kuma gaɓar tana yin wani ɗan ruwa mai yauƙi da kanta don kada su gogi juna a bushe. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai wasu guringuntsi biyu masu kauri, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, lokotoro suna ce musu menis. Aikin gammo suke yi, su karɓi nauyin jiki su baza shi kada ya taru wuri guda. Abin da ya ɗaure wannan haɗi duka shi ne jijiyoyi huɗu masu tauri da suka kama ƙashi da ƙashi. Biyu suna gefe da gefe, su ke hana gwiwa karkacewa ciki ko waje. Biyu suna can tsakiyar gaɓar sun gitta juna: ta gaba tana hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa, ta baya tana hana shi komawa baya. A kan su duka sai tsokar cinya, ta gaba da ta baya.

Cikin duk abin da na lissafa, ƙashi kaɗai radiyo take nunawa. Lokotoro ya faɗa maka gaskiya, mai ɗori ma ya faɗa maka gaskiya, ƙashin bai karye ba. Sai dai jijiya tana iya tsinkewa gida biyu hoton ya fito tas.

Ƙafa a kafe jiki ya juya, ƙarar da ya ji, da kumburin da ya taso nan take tun kafin ku iso gida, duk suna nuni ga jijiyar gaba ta tsakiya. Kumburin da ya zo cikin awa ɗaya ko biyu jini ne ya zuba cikin gaɓa, kuma a irin wannan faɗuwa sau da yawa ita ce ta tsinke. Wanda menis kaɗai ya yage masa, galibi sai dare ko washegari kumburin ke tasowa a hankali. Zillewar da yake yi yanzu kuwa ita ta fi ƙarfafa mini zato. Tafiya miƙe ba ta cika buƙatar wannan jijiya ba, shi ya sa kuke ganin kamar ya warke. Juyi ne ke buƙatarta, kokowa kuwa juyi ce daga farko har ƙarshe.

Wanda ya iya zai gane da hannu. Za a kwantar da shi rigingine, a lanƙwasa gwiwar kaɗan, wajen digiri 20 zuwa 30, a riƙe cinya da hannu ɗaya a jawo ƙwauri gaba da ɗayan, sannan a gwada lafiyayyar ƙafar a kwatanta. Gwajin Lachman ake ce masa. In jijiyar tana nan, ƙashin zai tsaya cak. In ta tsinke, sai a ji ya taho lagwai-lagwai ba abin da ya tare shi. Hoton da ke nuna jijiya da menis shi ne IRM, ana yin sa nan Yamai, amma da tsada, don haka a bari likitan ƙashi ya duba tukuna, shi zai ce ko ana buƙatarsa.

Jijiyar gefe ta ciki in ta yage, yawanci tana haɗewa da kanta cikin ƴan makonni in an tallafe gwiwar. Ta tsakiyar nan ba haka take ba. Tana jiƙe cikin ruwan gaɓa, jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, in ta tsinke gaba ɗaya da wuya bakin biyu su sake kama juna. Hakan ba ya nufin kowa sai an yi masa aiki. Ina da masu zuwa wurina, ƴan kasuwa da ma'aikatan ofis, da suka ƙarfafa cinya har gwiwar ta daina zillewa, suna harkokinsu ba tare da wuƙa ta taɓa su ba. Amma matashi ɗan shekara 19 da ke son komawa fili, kuma gwiwar ta riga ta fara kayar da shi a cikin gida, shi ne irin wanda aka fi yi wa aikin. Ba ɗinke tsohuwar ake yi ba. Ana ciro wani yanki daga jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwarsa ko daga bayan cinyarsa, a huda ƙashin sama da na ƙasa a zura shi a madadinta. Daga nan zuwa komawa kokowa aƙalla wata 9 ne ana kine, wani har shekara.

Abin da nake so ka riƙe da kyau: duk zillewa ɗaya, ƙashin cinya yana murje menis da guringuntsin da ke ƙasansa. Guringuntsin bakin ƙashi ba shi da hanyoyin jini, in ya ci ba ya sake tsirowa yadda yake. Haka ake samun mutum bai kai 40 ba gwiwarsa ta zama ta tsoho. Don Allah bana kada ya shiga fili, ko na gwaji. Ramar cinyar da ka auna kuwa tsokar ce ta janye saboda ciwo da kumburi, wannan tana dawowa da motsa jiki.

Tsohon ɗan kokowa, Illela:

Ɗana Tela, sannunku da jinya. Jikana ne ya karanta mini, shi ke rubuta abin da nake faɗa.

Ina yaro aka yi gasar takobi ta farko nan Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kuma tun daga ranar kokowa ta shiga raina. Na yi ta har ƙarfi ya ƙare, don haka na san abin da ke cin ƙanenka. Mutum goma kaɗai kowace jiha ke kaiwa, jiha takwas mutum 80. Yaron da ya ga ya kusa shiga cikin goman nan, in ka ce masa ya zauna sai ya ga kamar kai ne maƙiyinsa.

Akwai wani abokina da muka taso tare, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Kafaɗarsa ta goce a wani wasan kaka. Nan bakin fili aka kwantar da shi, wani ya sa masa diddige a hammata ya ja, ta koma. Ko wata bai yi ba ya sake kamawa, ta sake fita. Daga baya ta zama ko riga zai sa, ko ya miƙa hannu ya ɗauko abu bisa rumbu, sai ta fita. Bai kai shekara 25 ba ya bar kokowa, noma ma da hannu ɗaya ya ƙarasa shi. Har yau in na tuna shi raina yana ɓaci.

Malama mai kine, na ji bayaninki kuma na yarda da shi, amma ina roƙon kada a raina masu ɗori. A garuruwanmu su ne na kusa, kuma na kirki a cikinsu ya san iyakarsa, ga shi nan dattijon nasu da kansa ya tura su radiyo. Maganar aiki kuma, mutanenmu suna tsoron wuƙa, sai an bi su a hankali.

Kai kuma ɗana, kada ka hana shi a gaban abokansa, zai yi taurin kai don kada a ce ya ji tsoro. Ka je wurin ubangidansa na kokowa, wanda ke horar da su, ka kai masa wannan bayani, shi ya kira yaron su biyu ya ce masa bana hutu. Maganarsa ta fi taka nauyi a wannan fanni. Innarku kuma ka zauna da ita da daddare ka yi mata bayani da ladabi, tausayi ne ya sa take neman wanzami.

Majo (babban ma'aikacin jinya), wajen Madawa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ba mai raina masu ɗori, da yawansu mu ma suna turo mana mutane. Labarin abokinka kuwa haka kafaɗa take. Kan ƙashin damtse babba ne mulmulalle, ramin da yake zaune a allon kafaɗa ba shi da zurfi, shi ya sa hannu ke juyawa ko'ina, shi ya sa kuma ta fi kowace babbar gaɓa saurin gocewa, galibi ta gaba. In ta fita tana yaga leɓen ramin da jakar da ta rufe gaɓar, kuma ga matashi ɗan ƙasa da shekara 20 ko 25 sake fitar abu ne mai yawan faruwa. Jan da ake yi bakin fili yana da haɗari, don wani lokaci da karaya a tare, kuma jijiyar da ke kai ji da motsi ga tsokar kafaɗa tana wucewa dab da wurin. A rataye hannun da gyale a kawo shi, a yi radiyo sannan a mayar.

Malam Tela, maganar ƙaho nake so in tsaya a kai. Jinin da ya taru yana can cikin jakar gaɓa, ƙaho na fata ne, ba zai kai gare shi ba, jiki ne ke shanye shi a hankali. Abin da tsaga a kan gwiwa ke iya yi shi ne buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Gaɓar da ƙwayoyin cuta suka shiga tana lalacewa cikin kwanaki kaɗan. Duk gaɓar da ta kumbura ta yi zafi rau, mutum na zazzaɓi, ko taɓawa ba ya bari a yi, a kawo shi ranar, ko da dare ne. Balle yaro mai emasi, wato amosanin jini, su ciwon gaɓa da na ƙashi ba a jira da shi.

Ƙwayoyin abokai kuma, in tramol ne ka raba shi da su yau. Yana rufe zafi ne kawai, yaro ya shiga fili ya ƙarasa abin da ya rage a gwiwar bai ji ba, ga sabo har ya kasa bari, ga farfaɗiya in an sha da yawa. Diklofenak da ibuprofen na masu tebur suna rage kumburi, amma shan su kullum, da yunwa, cikin zafinmu mutum bai sha ruwa sosai ba, yana ƙona ciki yana taɓa ƙoda. In zafi ya dame shi farasetamol ya isa, giram 1 a sha ɗaya, kada ya wuce sau 3 a yini. Ranar da ta zille ta kumbura, a naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar bisa matashi, a naɗa bandeji ba tamau ba. Ruwan zafi da murza a kwana biyun farko ƙara kumburi suke.

Tunda ana karantawa da yawa, ga abin da ya fi tayar mini da hankali a aikina: yaro ya faɗo ya karye a gwiwar hannu, a ɗaure da kara tamau. Hannun yana kumbura a ƙarƙashin ɗaurin, jini ya kasa wucewa. In yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko yaron ya ce ba ya jin su, ko yana ihu in an miƙe masa yatsa, a kwance ɗaurin nan take a taho. Awoyi kaɗan ne tsakanin hannun da za a ceta da wanda za a rasa.

Tela daga Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na je wurin ubangidan nasu kamar yadda ka ce, ya karɓi maganar hannu biyu. Majo, tramol ne kuwa, na karɓe.

Malama, da na ƙara tambayarsa sai ya ce akwai ranar da gwiwar ta ƙage, ta ƙi miƙewa, sai da ya girgiza ƙafar ya ji ƙas sannan ta saki. Wannan wani abu ne daban? Sannan zaman tahiya yana ba shi wahala, haka tsugunno a ban ɗaki. Kafin mu haɗa kuɗin hanya me zai riƙa yi a gida? Na yi tunanin in ɗora shi kan keken ɗinkina na ƙafa, ko zai taimaka.

Mai kine a Yamai:

Malam Tela, wannan ƙagewar ta sa zan ce kada ku ja lokaci. Alama ce ta menis ya yage, yankin da ya yage yana shiga tsakanin ƙasusuwan ya tokare. Raunin biyu sukan zo tare. Gefen menis na waje, wajen kashi ɗaya cikin uku, yana samun jini, in a nan yagewar take ana iya ɗinkewa ya kama. Na can ciki ba ya samun jini, sai dai a datse abin da ya yage. Yagewar da za a iya ɗinkewa yau, in aka yi ta takawa a kanta tana ragargajewa har ta wuce ɗinki. In ta sake ƙagewa ta ƙi saki, kada kowa ya danna ta da ƙarfi, ku nemi likita a ranar.

A gida, abu na farko shi ne gwiwar ta miƙe sarai kamar ɗayar. Ya zauna bisa tabarma ya miƙe ƙafa, ya sa ɗan tsumma a naɗe ƙarƙashin diddige, ya ɗaure tsokar cinya yana danna bayan gwiwa ƙasa, ya ƙirga biyar ya saki, sau goma, safe da rana da dare. Sannan a kwance ya ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya riƙe, ya sauke a hankali. Sai jan diddige zuwa ɗuwawu a kan tabarma, iya inda ba zafi. Kada ya kwana da matashi ƙarƙashin gwiwa, yana da daɗi amma yana sa ta saba da lanƙwasa. Ko aikin za a yi, likita ya fi son gwiwar da ta saɓe, take miƙewa, cinyar kuma da ƙarfinta, don ita ta fi saurin murmurewa. Ka ci gaba da awon, wuri ɗaya kullum, santimita 10 sama da ƙoƙon gwiwa, ka rubuta.

Keken ɗinki ba zai cuce shi ba, amma idon sawu da sha-raɓa ya fi motsawa. Keken hawa ya fi, a ɗaga sirdin sama, a hanya mai tauri ba cikin rairayi ba, kuma in zai tsaya ya sauke ƙafar hagu. Gudu, tsalle, ƙwallo da ɗaukar bido duk a ajiye. In zai juya ya ɗaga ƙafar ya juya da ita gaba ɗaya.

Tsugunno har ƙasa yana matse bayan menis, shi ya sa yake jin sa. Ku sami tsohuwar kujera ku huda tsakiyarta ku ɗora bisa ramin. A salla ya miƙe ƙafar gaba lokacin zama ko ya yi a kan kujera, ku tambayi limaminku, marar lafiya yana da sauƙi a nan.

Ku fara da likitan ƙashi a babban asibitin jiha nan Tawa, ya gwada da hannu ya ba ku takardar turawa, ta fi zuwa Yamai kai tsaye ba ku san ƙofar da za ku nufa ba. In tafiyar ta kama, hanyar ta haura kilomita 500, ku nema masa kujerar da zai iya miƙe ƙafar dama, in an tsaya Ƙonni da Doso ya sauko ya ɗan taka. Ya taho da gajeren wando don gwaji, da duk takardun maganin da aka taɓa rubuta masa.